Ƙanwar da Ta Wuce ta Bayan Taga

Ni dai ban taɓa sa ƙafa a silima ba sai da na kai shekara ashirin da shida, kuma wannan shigar ta farko ita ce har yau in na tuna nake jin kamar in nutse. A Damagaram ɗiyar gidan mutunci ba ta zuwa silima, sai dai mu ji labari a bakin yayyenmu maza. Aure ne ya kawo ni Paris a farkon shekarun tamanin. Maigidana yana da ɗan kanti a unguwar Goutte d'Or inda yake sayar da shadda da atamfa, mu kuma muna zaune a Belleville, hawa na biyar, ba asansar mai ɗaga mutum sama, ƙafarka ce motarka. Zaman ɗaki ya ishe ni ƙwarai. Na yi boko har koleji, Faransancina ba laifi, don haka da matar da ke gadin gidan ta ce wata tsohuwa a hawa na biyu tana biɗar mai taimaka mata, ban tsaya dogon tunani ba. Maigida ya ce tunda cikin gida ne, in je.

Tsohuwar mutuniyar ƙasar Poland ce, ta haura tamanin, idonta ya kusa mutuwa. Tana gane haske da duhu, tana gane inuwar mutum in ya tsaya gaban taga, shi ke nan. Amma kunne da baki, wai wai wai! Ranar farko ko zama ba ta ba ni ba. Cewa ta yi in taka daga ƙofa zuwa taga ta ji. Na taka.

"Me kika sata?" in ji ta. "Kina tafiya kamar mai neman gafara. Ɗaga kanki, yarinya, ki taka ƙasa ta san an taka ta."

Na ce a raina, yau na gamu da gamona. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, mun yi faɗa a kan gishiri, mun yi faɗa a kan shayi, mun yi faɗa a kan buɗe taga. Sau biyu ina ajiye mata makulli in hau sama, sau biyu tana aiko mai gadi da cewa wai shayinta ya huce. Kafin shekara ta zagayo na daina ce mata Madam, na koma Kaka. Ta tambayi ma'anarsa, na gaya mata. Ta ce ita ba ta haifi ko mage ba balle ta yi jika, amma in na kira sai ta amsa.

Bangon ɗakinta cike yake da hotunan wata budurwa mai manyan idanu, wani da hular gashin tsuntsu, wani da rigar da ta bar kafaɗu a waje. Na daɗe ina goge musu ƙura ina kau da kai kafin in san ita ce. 'Yar wasan kwaikwayo ce, tun zamanin da ake fim marar magana. Ban gaya wa matan garinmu haka ba. Abin da na ce musu, ina kula da wata tsohuwar tela.

Labarinta guntu-guntu na ji shi, yawanci in ina taje mata kai. Ubanta mai gyaran agogo ne a Warsaw, mutum mai riƙo da addini. Tana da shekara goma sha bakwai ta gudu gidan wasa. Ya ce kada a ƙara ambaton sunanta a kan teburinsa, kuma har ya mutu ba a ƙara ba. Ta fara da riƙe wa manyan 'yan wasa riguna a bayan labule. Daga nan aka ba ta matsayin 'yar aiki mai magana ɗaya tak, wai "An kawo wasiƙa." Ta ce wata uku tana kawo wasiƙar nan, kullum da irin muryar da za ta kawo ta, har mai gidan wasan ya gaji ya ba ta babban matsayi. Da masu fim suka zo, ita suka fara nema, saboda idanun nan. Ta ce fitilunsu zafi gare su kamar bakin murhu, a shafe maka fuska da hoda mai kauri, wani ƙato yana juya na'ura da hannu, wani yana yi maka ihu ka yi kuka. Ta yi finafinai da yawa. Da fim mai magana ya shigo an sami sababbin 'yan mata, sai ta koma dandalin gidan wasa inda ta fito. Sannan yaƙin duniya na biyu ya zo ya ci gidan wasan, ya ci gidansu, ya ci finafinan. Ta iso Paris da akwati ɗaya, ta zauna tana ɗinka wa wasu kayan wasa, jefi-jefi a kira ta ta fito a matsayin tsohuwar baƙuwa mai buɗe ƙofa. Ashe dai ban yi wa matan garinmu ƙarya duka ba.

Mutum ɗaya ce a gidansu ba ta juya mata baya ba, ƙanwarta. Ita ce ke satar jiki ta kai mata abinci, ita ce ke ɗinka mata kayan wasa. Ta mutu a yaƙin, kuma ko hotonta ɗaya bai tsira ba. In Kaka ta zo nan a labari sai ta ce in ja tsefen a hankali, wai ina tsinke mata gashi.

Wata safiya wasiƙa ta zo daga Lyon, ni na karanta mata. Wata ƙungiya ce ta masu son tsofaffin finafinai. Sun ce an gano ɗaya daga cikin nata a ma'ajiyar wata ƙasa, kwafi ɗaya tak, ya tsufa har ana tsoron taɓa shi. An ba su aro su nuna sau ɗaya, ranar Asabar da ƙarfe uku na rana, sannan a mayar. Suna roƙon ta zo. Da na faɗi sunan fim ɗin sai ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta laluba ta kamo hannuna ta zaunar da ni a bakin gado.

"Saurara da kyau, ɗiyata. Kusa da ƙarshe akwai wurin da wani soja zai rungume ni a gaban taga. A bayan tagar wata yarinya za ta wuce da tulu. Ƙanwata ce. Wadda aka shirya ba ta zo ba, ita kuma ta kawo mini riga, sai aka tura ta. Kafin ki ƙirga biyar ta wuce. Na ba ta baya, ban ga abin da ta yi ba."

Na ce, "To ba ki kalli fim ɗin ba da ya fito?"

"Sau uku. Kaina na kalla duk sau ukun. Jaka ce ni a lokacin." Sannan ta ce, "Muryarta tana kunnena, hannuwanta ina ganinsu, amma fuskar ta ɓace mini. Ke ce idona. Ki kalle ta, ki gaya mini yadda take da abin da ta yi. Sauran fim ɗin in kin ga dama ki yi barci."

Na dafa ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, ko ƙifta ido ba zan yi ba. Wallahi haka na ce.

Matsalar daga sama ta sauko, hawa na biyar. Maigida ya ce, "Silima? A Lyon? Matar aure?" Na yi kwana uku ina lallashi, na dafa masa abin da bai roƙa ba. A ƙarshe ya yarda da sharaɗi: mu sauka gidan yayansa Alhaji a Vaulx-en-Velin, nan gefen Lyon, kuma Alhaji ya raka mu har cikin silimar. Na yi murna, ban hango komai ba. To, wanda ya san mu ya san abin da ke tsakanin mace da yayan mijinta. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa faɗin sunan Alhaji ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi sai na durƙusa, ko a kan kwalta ne.

Muka shiga sabon jirgin ƙasan nan mai gudu. Kaka ta sa baƙar riga, ta sa na shafa mata jan baki, ta hana ni gyara mata zama. Alhaji ya tarbe mu a gar, tashar jirgin, da motarsa, uwargidansa Hajiya ta yi mana tuwon shinkafa. Kaka ta ci da cokali tana yaba miya, tana tambayata a kunne ko ƙarfe nawa. Ta tambaya ya fi sau goma.

Ɗakin silimar ƙarami ne, ya cika da tsofaffin Turawa da ɗalibai masu gashi buzu-buzu. Aka kai mu layin gaba. Kaka tana hagu da ni, Alhaji yana dama, babbar rigarsa har tana taɓa hannun kujerata. Na takure wuri ɗaya. Aka kashe fitila, wani mutum ya hau kiɗa piyano a gefe, sai ga Kaka a bango, fuskarta ta fi ƙofar gida girma. Tsarki ya tabbata ga Allah! Ban san lokacin da na ce mata, "Kaka, ashe haka kike?" ba. Ta ce, "Na sani. Ci gaba." Na dinga raɗa mata: ga ki a kasuwa, ga ki kina karanta wasiƙa, ga wani mai gashin baki yana yi miki faɗa. Tana gyaɗa kai, wani lokaci ta riga ni faɗa. Har na manta da wanda ke damana.

Sai ga ɗakin, sai ga tagar, sai ga sojan. Ya cire hula, ya matso, ya sa hannu a ƙugunta. Kaka ta damƙe hannuna. Ni kuwa a daidai nan na ji Alhaji ya yi gyaran murya. Ƙila maƙogwaronsa ne kawai ya bushe, Allah masani. Amma da jin haka, ga namiji yana kai bakinsa ga bakin matar da nake kira Kaka, ga yayan mijina a gefena, kaina ya sunkuya da kansa. Ban yi shawara da shi ba. Abin da aka koya wa wuyana ke nan tun ina 'yar shekara biyar. Na zuba wa lallen hannuna ido.

"Yanzu!" in ji Kaka. "Yanzu ne! Kina ganinta?"

Na ji 'yan kallo sun yi 'yar dariya. Na ce a raina bari su rabu tukuna in ɗago, ai ba za su daɗe ba. Da na ɗago, taga wayam. Soja yana mayar da hularsa.

"Kin gan ta? Yaya take? Me ta yi?"

Da na ce mata ban gani ba, da ta zage ni tas, da ta tambayi wani a cikin mutum ɗari da ke ɗakin kafin su watse, da magana ta ƙare. Amma na dafa ƙirji a Paris. Ga farcenta a cikin naman hannuna. Sai na tambayi kaina, me ƙanwa za ta yi in ta wuce ta ga yayarta a hannun namiji? Amsa ɗaya na sani a duniya, ita na ba ta.

"Na gan ta, Kaka. Siririya ce, mai hankali. Da ta hango ku sai ta sunkuyar da kai, ta yi sauri ta wuce. Kunya ta ji. Shi ya sa ban ga fuskar sosai ba."

Ni a nufina yabo ne. A garinmu in ka ce yarinya mai kunya ce ka gama yabonta. Sai na ji hannun Kaka ya saki nawa.

"Kunya," in ji ta. "Ita ma, kamar mahaifinmu."

Aka kunna fitila, mutane suka miƙe suna tafi. Aka riƙo ta zuwa gaba, aka ba ta furanni. Matar da ta kwana biyu tana shirya jawabi a gabana, har da wurin da za ta tsaya a yi dariya, abin da ta ce kawai shi ne ta gode, ta gaji. Wani ɗalibi ya matso zai yi mata tambaya, ta ce a kai ta mota.

A mota ina baya tare da ita. Alhaji yana tuƙi yana ta fara'a, abin da ban taɓa gani ba. Ashe mutumin nan tsohon ɗan silima ne, ya ce a Maradi yana saurayi ba fim ɗin da ke wuce shi. Faransancinsa na kasuwa ne, kuma ba ya yi wa tsohuwa magana kai tsaye, sai ta bakina. Ya ce da Hausa, ba tare da ya waiwayo ba:

"Amarya, gaya wa Madam aikinta ya yi kyau. Amma ni wadda ta ba ni dariya ita ce 'yar gajerar nan mai tulu. Mai haɗaɗɗiyar gira, kunnuwa a tsaye. Kin ga yadda ta tsaya cak a taga ta leƙo su? Ta toshe baki tana dariya har ruwa ya zube mata a ƙafa, ta ɗaga wa Madam gira, sannan ta ruga. Wannan ba wasa take ba, dariyar gaske ce. Tambaye ta ko ta san ta."

Shi ko ƙifta ido bai yi ba! Ni na sunkuya don shi, shi kuwa yana can ya baje yana kallonsa.

Kaka ta juyo. "Me Monsieur ya ce?"

Ga gaskiya an miƙo mini a hannu, kyauta. Abin da ya rage in juya ta zuwa Faransanci. Amma in na juya, Kaka za ta san na yi mata ƙarya, Alhaji zai tambayi abin da ya faru, sai in bayyana a gaban yayan mijina dalilin da ya sa na sunkuya. Na buɗe baki na ce, "Ya ce aikinki ya yi kyau."

"Maganarsa ta fi haka tsawo."

"Haka Hausa take, Kaka."

Ga Alhaji kuma na ce ta ce ba ta tuna yarinyar ba. Ya ce, "Allah sarki, tsufa." Wannan ƙarya ta biyun, ta cikin mota, ita ce ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ta farko wuyana ne ya yi, ta biyu ni na yi, ido buɗe, ƙiri-ƙiri, a kan hanyar Vaulx-en-Velin.

Muka koma Paris. Kaka ba ta yi rashin lafiya ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Faɗa ne ta daina. In sa gishiri ko kada in sa, duk ɗaya. In na ɗauko tsefe sai ta miƙo kai ta yi shiru. Wata rana ta ce in sauke hotunan bango in sa a akwati, wai ƙura suke tarawa. Ina saukewa ta ce, kamar mai magana da kanta, "Shekara da shekaru tana kawo mini miya a ɓoye. Na ɗauka mahaifinmu take ɓoye wa. Ashe har da maƙwabta." Na tsaya da hoto a hannu, na ce yau zan faɗa. Ban faɗa ba. Na je kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Wata huɗu na yi ina ɗauke da abin nan. Ina hawa matakala ina shirya maganar, ina saukowa ina gyara ta. Na haddace ta tsaf, daga inda zan fara har inda zan nemi gafara. Ran nan da hantsi, bayan na ba ta magani, na durƙusa a gabanta kamar yadda ake yi a gida, na zayyana mata komai. Na ce ban ga komai ba, na sunkuya ne saboda Alhaji. Na gaya mata abin da ya gani, gajera, gira a haɗe, kunnuwa a tsaye, ta leƙo, ta yi dariya har ruwa ya zube. Na ce dariyar da 'yan kallo suka yi ma ita suka yi wa. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta laluba ta dafa kaina, ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Kina da kirki, ɗiyata. Har da su gira."

"Wallahi, Kaka, gaskiya ce! In kina so in kira Alhaji a tarho yanzu, ki ji daga bakinsa."

"Bar bawan Allah, kada ki sa shi ƙarya shi ma." Ta shafa ɗankwalina. "Shekara sittin na yi a aikin nan. Na san muryar wadda ta haddace magana ta zo ta faɗa. Yau kin haddace, kuma kin yi ƙoƙari, sai dai kin yi sauri a tsakiya. A Lyon kuwa muryarki rawa take yi, ba ki shirya ba. Waccan ce gaskiya."

Na rantse, na sake rantsewa, na yi kuka har majina. Ta ce kukan ma ba laifi, da a ce ta same ni da wuri da ta yi wani abu da ni. Sannan ta ce in tashi haka nan, gwiwata za ta yi ciwo, in ɗora mata shayi.

Ta ƙara shekara ɗaya da rabi a duniya, ni ce a kanta har ranar ƙarshe. Na sake gwadawa sau biyu, tana ɗaga mini hannu tun ban kai ga tulun ba. Ba ta ƙara ambaton ƙanwarta ba, hotunan kuma suna cikin akwati har aka zo kwashe ɗakin.